Yadda Ake Zaɓen Katin Tarot na Tafarkin Golden Dawn da Yadda Ake Aiki da Shi

Tarot wani nau'in karta ne mai kati 78, kuma Turawan Ingila da na Faransa ba sa furta harafinsa na ƙarshe, amma na bar shi a rubuce domin kada a rikita shi da taron jama'a. An fara yin sa a arewacin Italiya a wajejen shekarun 1440, a fadojin Milan da Ferrara, kuma a lokacin wasa kawai ake yi da shi. Ita kanta karta ta shiga Turai a shekarun 1370 daga Masar ta zamanin Mamluk, kuma har yanzu akwai ragowar irin waccan kartar a gidan tarihi na Topkapi da ke Istanbul, da kofunanta da takubbanta da sulallanta da sandunan wasan ƙwallon doki. Sai a 1781 wani Bafaranshe, Antoine Court de Gébelin, ya yi da'awar cewa asirin tsohuwar Masar ne aka ɓoye a cikin hotunan, da'awar da ba ta da hujja ko ɗaya a tarihi, amma ita ta buɗe ƙofa. Bayansa Éliphas Lévi, a shekarun 1850, ya haɗa manyan katuna 22 da haruffa 22 na Ibrananci. A 1888 kuma mutum uku, William Wynn Westcott da MacGregor Mathers da William Woodman, suka kafa ƙungiyar asiri ta Golden Dawn a Landan, wadda ta ɗauki wannan tunani ta gina masa cikakken tsari, inda kowane kati ya sami mazauninsa a cikin burujai da taurari da ɗabi'u huɗu da kuma Kabala, wato ilimin asiri na Yahudawa.

Ya kamata in bayyana matsayina tun da wuri. Ban yarda cewa takarda da fenti suna san abin da gobe za ta haifar ba, domin gaibu sai Allah, kuma hukuncin duba a Musulunci sananne ne ga kowa. Abin da ya riƙe ni shekaru a kan waɗannan katuna shi ne cewa littafi ne da aka rubuta da hotuna, wanda ɗalibin tarihi da mai zane da marubuci da mai binciken aƙidun Turai ba za su fahimce shi ba sai sun riƙe shi a hannu sun ga yadda masu shi suke sarrafa shi. Saboda haka duk abin da zai biyo baya ya ginu a kan magana ɗaya: katin wannan tafarki ana zaɓensa ne saboda tsarin da yake ɗauke da shi, ba saboda kyan hotonsa ba.

Mataki na farko: sanin ƙashin bayan tsarin kafin a kashe ko sisi

Katunan sun kasu biyu. Akwai manya guda 22, masu lamba daga 0 zuwa 21, sannan ƙanana guda 56 da aka raba gida huɗu, wato sanda da kofi da takobi da faifai, wanda wasu ke zanawa a matsayin sulalla. Kowane gida yana da kati goma masu lamba da kuma huɗu na 'yan fada. A tsarin Golden Dawn sanda wuta ce, kofi ruwa, takobi iska, faifai kuma ƙasa. Wanda ya taɓa zama kusa da malaman hisabi da falaki zai ga cewa waɗannan ɗabi'u huɗu ba baƙi ba ne a gare shi, kuma ba abin mamaki ba ne, tun da ƙungiyar har bugun ƙasa mai siffofi 16 take koyar da 'ya'yanta, ilimin da ya shiga Turai ta hanyar fassara daga Larabci a ƙarni na 12.

Manyan katunan an raba su bisa rabon haruffan Ibrananci. Uku suna wakiltar ɗabi'u: Wawa iska ne, Ratayayye ruwa, katin Tashin Ƙiyama kuma wuta. Bakwai na taurari ne: Mai Sihiri na Uɗarid, Malamar Ibada ta Wata, Babbar Sarauniya ta Zahra, Juyin Rabo na Mushtari, Hasumiya ta Mirriku, Rana ta Rana, Duniya kuma ta Zuhal. Sauran sha biyun suna bin burujai a jere, daga Babban Sarki a Hamal har zuwa katin Wata a Hutu. A nan ne ɗalibi yake fara tuntuɓe, domin katin da aka rubuta wa Wata ba shi ne yake riƙe da watan sama ba, na burujin Hutu ne, watan sama yana wurin Malamar Ibada. Ka rubuta wannan rabo na uku da bakwai da sha biyu a shafin farko na littafinka, domin da shi za ka auna duk wani ƙunshin kati da aka tallata maka.

Mataki na biyu: zaɓen ƙunshi

Ƙungiyar ba ta taɓa sayar da katinta a kasuwa ba. Ɗan ƙungiya da ya kai wani matsayi shi ake ba samfuri ya kwafa da hannunsa, ya shafa masa launi da kansa. Abin da ke kasuwa a yau 'ya'ya ne da jikokin wancan samfuri, kuma manyansu iri uku ne.

Na farko shi ne wanda aka fi sani a duniya, wanda kamfanin Rider ya buga a Landan a 1909. Arthur Edward Waite ne ya tsara shi, Pamela Colman Smith ta zana dukkan katunan, kuma su biyun sun yi zama a ƙungiyar. Falalarsa ita ce kowane ƙaramin kati yana da cikakken hoton wani al'amari. Biyar ɗin sulalla, misali, matalauta biyu ne suna tafiya cikin ƙanƙara a ƙarƙashin tagar majami'a mai haske, ɗaya yana dogara sanduna. Ko yaro aka nuna wa zai ce wahala ce. Aibinsa a wurin mai neman tsari shi ne Waite ya lulluɓe abubuwa da yawa, bai rubuta haruffa ko alamun burujai a jikin yawancin katunan ba, don haka ɗalibi yakan shagala da labarin hoto ya manta da lissafin da ke ƙarƙashinsa.

Na biyu shi ne Thoth, wanda Aleister Crowley ya tsara, Frieda Harris ta zana tsakanin 1938 da 1943. Ba a buga shi a matsayin katin hannu ba sai a 1969, bayan su biyun sun mutu, kuma ainihin zanen yana ajiye a Cibiyar Warburg da ke Landan. A wannan komai a fili yake: harafin yana nan, alamar tauraro da ta buruji suna nan, kuma an rubuta wa kowane ƙaramin kati laƙabinsa a ƙasa. Sai dai Crowley ya shigar da aƙidarsa ta kansa, ya sauya wa wasu manyan katuna suna, ya kuma yi musayar haruffa tsakanin katin Babban Sarki da katin Tauraro. Mutum ne da rayuwarsa ta cika da abin zargi, kuma wasu hotunan suna da tsiraici, abin da ya kamata mai saye ya sani kafin ya buɗe kwalin a gaban iyalinsa.

Na uku su ne waɗanda suka yi ƙoƙarin komawa ga umarnin ƙungiyar na asali, bayan Israel Regardie ya wallafa takardunta na sirri tsakanin 1937 da 1940. Akwai wanda Robert Wang ya zana da shawarar Regardie a ƙarshen shekarun 1970, akwai na Godfrey Dowson mai baƙi da fari wanda ya cika maƙil da alamomi, akwai kuma na Sandra Tabatha Cicero mai launuka masu ƙarfi. A irin waɗannan, ƙananan katuna ba su da labari, hannaye ne kawai suke fitowa daga gajimare riƙe da sanduna ko takubba. Akwai kuma na makarantar Paul Foster Case a Amurka, wanda ake sayarwa ba launi domin ɗalibi ya shafa da kansa, kuma wannan shi ya fi kusa da ruhin tsohuwar al'adar kwafa da hannu.

Shawarata ita ce, wanda yake son ya fahimci tsarin ya fara da ɗaya daga cikin kashi na uku, ko kuma Thoth idan zai iya jure wa sauye-sauyen Crowley, sannan ya ajiye na Waite da Smith a gefe domin kwatantawa. Kada ya sayi fiye da biyu a shekarar farko.

Kafin ka biya kuɗi, ka duba abubuwa uku a hotunan da mai sayarwa ya nuna. Ka duba kati mai lamba 8 da mai lamba 11. A tsohon tsarin Faransa Adalci ne na 8, Ƙarfi na 11, amma Golden Dawn ta juya su domin Ƙarfi, mai hoton zaki, ya faɗa kan Asad, Adalci, mai hoton ma'auni, ya faɗa kan Mizani. Waite ya bi wannan juyi, Crowley kuwa ya mayar da lambobin yadda suke a da amma ya bar wa kowanne burujinsa. Sannan ka duba 'yan fada, domin nan ne rikici ya fi yawa. A asalin tsarin, mahayin doki shi ne uba kuma wuta, Sarauniya a kan karaga ruwa, Yarima a keken doki iska, Gimbiya a tsaye ƙasa. Thoth yana kiran mahayin dokin Barde, wasu suna kiransa Sarki, na Waite kuma yana da Sarki a zaune daban da Barde a kan doki daban. Saboda haka ka riƙa kallon abin da mutumin yake kai, doki ne ko karaga ko keke, kada ka dogara da sunan da aka rubuta. Abu na uku shi ne ingancin bugu. Na taɓa sayen wani mai araha ta intanet, da ya iso sai na tarar jabu ne, an kwafe shi daga hoto, alamar Sumbula da ta Akrab, waɗanda dama suna kama da juna, duk sun zama ɗigon baƙi ɗaya, kuma a tsarin da ya dogara kacokan a kan waɗannan alamomi wannan ya mayar da katin takardar banza. Girman da aka saba shi ne kusan santimita 7 da 12. Akwai manya da suka fi daɗin nazari, amma suna wahalar cakuɗawa ga mai ƙaramin hannu.

Mataki na uku: shimfiɗa katunan da koyon mazauninsu

Ranar da kwalin ya iso, ka ƙirga katunan ka tabbatar sun cika 78. Wasu bugu suna zuwa da ƙarin kati biyu ko uku, ka cire su ka ajiye. Daga nan ka sami shimfiɗa mai faɗi, ka ware manyan a gefe, ka ware 'yan fada 16, ka ware masu lamba ɗaya guda huɗu. Abin da zai rage a hannunka kati 36 ne, daga biyu zuwa goma a gidaje huɗu, kuma nan ne kyan tsarin yake.

Da'irar burujai tana da digiri 360. Idan aka raba kowane buruji gida uku, za a sami kashi 36 masu digiri goma goma, kuma kowane kati yana riƙe da kashi ɗaya. Ka jera su a zobe a ƙasa. Biyu da uku da huɗu na sanda suna Hamal, biyar da shida da bakwai na faifai suna Sauru, takwas da tara da goma na takobi suna Jauza'u, sannan biyu da uku da huɗu na kofi su buɗe Saratan, haka har ka zagayo. Ƙa'idar ita ce ɗabi'ar gida ta dace da ɗabi'ar buruji, ƙananan lambobi su hau burujan da ke buɗe yanayin shekara, na tsakiya su hau tabbatattu, manya su hau masu rufewa. Bayan haka ka bi zoben kana ɗora wa kowane kati tauraro bisa tsohon jerin nan: Zuhal, Mushtari, Mirriku, Rana, Zahra, Uɗarid, Wata. Za ka fara da Mirriku a kan biyun sanda, kuma idan ba ka yi kuskure ba za ka ƙare da Mirriku a kan goman kofi, ya zama ya zo sau biyu a jere a mahaɗar zoben. Wannan ita ce shaidar cewa lissafinka ya fita.

Ma'anar kati tana fitowa ne daga haɗuwar abubuwa uku, wato lamba da tauraro da buruji. Lambobin ɗaya zuwa goma suna bin matakai goma na wani zane da ake kira bishiyar Kabala, inda biyar take wurin tsanani, shida wurin daidaito, goma wurin da abu ya gama sauka duniya. Ka ɗauki ukun takobi. Zuhal ne, tauraron nauyi da takura, a cikin Mizani, burujin sulhu da zaman tare, shi ya sa aka yi masa laƙabi da Baƙin Ciki, kuma shi ya sa Smith ta zana zuciya da takubba uku suka soke a cikin ruwan sama. Ka ɗauki taran kofi kuma, Mushtari ne mai yalwa a cikin Hutu, gidansa na kansa, sai ya zama katin farin ciki. Wanda ya koyi fitar da ma'ana ta wannan hanya ba ya buƙatar haddar jerin kalmomi daga ɗan littafin da ke zuwa cikin kwali.

Ka ware littafin rubutu mai kauri, ka ba kowane kati shafi biyu. Kullum ka ɗauki kati ɗaya, ka rubuta lambarsa da ɗabi'arsa da tauraronsa da burujinsa, sannan ka dube shi na minti goma ka rubuta abin da idonka ya gani kawai, launi da siffa da inda fuska take kallo, kafin ka karanta abin da wani ya ce a kansa. A kwana 78 za ka gama zagaye ɗaya. Na yi wannan zagaye sau uku, kuma a na ukun ne na fara ganin yadda kowace biyar, a dukkan gidaje huɗu, take ɗauke da irin rikici guda cikin tufafi daban.

Mataki na huɗu: karanta kati da maƙwabtansa

Mutane da yawa sun saba da cewa idan kati ya fito a kife ma'anarsa ta juya. Asalin tsarin Golden Dawn bai dogara da wannan ba, yana auna ƙarfin kati ne da waɗanda suke gefensa. Wuta da ruwa abokan gaba ne, iska da ƙasa ma haka. Wuta da iska aminai ne, ruwa da ƙasa ma aminai. Idan ɗabi'a ta haɗu da irinta sai ta ƙara ƙarfi, ko a alheri ko a sharri.

Hanyar koyo ita ce da kati uku. Ka cakuɗa, ka yanka, ka ajiye uku a jere, na tsakiya shi ne abin magana. A ce biyar ɗin faifai ce a tsakiya, wato Uɗarid a Sauru, katin damuwar abin hannu. Idan kofi ne a dama da hagu, ruwa ya jiƙa ƙasa, damuwar ta kafu sosai. Idan takubba ne suka sa ta a tsakiya, iska ta raunana ta, sai a karanta cewa damuwar ba ta kai yadda ake zato ba. Idan kuwa sanda ce a gefe ɗaya, kofi a ɗaya gefen, to maƙwabtan sun shagala da faɗan junansu, na tsakiya ya tsaya da ƙafarsa. Ka yi wannan atisaye na wata guda, kana rubuta kowane jeri da fassararka a jimla ɗaya tak, domin taƙaitawar ce take tilasta maka ka yanke hukunci.

Mataki na biyar: babbar shimfiɗar ƙungiyar

Shimfiɗar kati goma mai siffar gicciye, wadda Waite ya yayata, ita ce ta cika littattafai, amma ba ita ce ta ƙungiyar ba. Tasu suna kiranta Buɗe Mabuɗi, tana da zango biyar, kuma tana iya cin awanni. Ya kamata a sani cewa su 'yan ƙungiyar suna fara ta ne da kiran sunaye da roƙon wani mala'ika da suka yi imani shi ne mai kula da katin, suna kuma zana tauraro mai tsini biyar a iska. Wannan ɓangare ibada ce ta aƙidarsu, ni ban taɓa yin sa ba, kuma ba a buƙatarsa domin fahimtar yadda lissafin yake tafiya.

Zango na farko shi ya fi cancantar koyo. Ana zaɓen kati ɗaya daga 'yan fada ya wakilci mai tambaya, a mayar da shi cikin sauran, a cakuɗa. Sai a yanka gida biyu, kowane a sake yanka shi biyu, a jera tuli huɗu daga dama zuwa hagu, yadda ake rubutun ajami, domin haka Ibrananci ma yake tafiya. Tulin dama na wuta ne, ya shafi aiki da himma, na biyu na ruwa, ya shafi ƙauna da aure, na uku na iska, ya shafi rigima da asara, na ƙarshe na ƙasa, ya shafi kuɗi da kaya. Ka nemo tulin da wakilin ya faɗa, ka baza shi a siffar kofaton doki ba tare da ka ɓata jerin ba.

Daga nan sai ƙirga. Za ka fara daga kan wakilin, shi ne na ɗaya, ka nufi inda fuskarsa take kallo. Mahayin doki da Sarauniya da Yarima huɗu ake ƙirga musu, Gimbiya bakwai, ƙaramin kati lambar da ke jikinsa, mai lamba ɗaya kuma biyar, ko da yake Crowley ya ce 11. Manyan katuna na ɗabi'a uku ne, na taurari tara, na burujai 12. Duk katin da ka sauka a kai ka rubuta shi, ka auna shi da maƙwabtansa biyu, sannan ka ci gaba da ƙirga daga kansa da tasa lambar, har ka sake sauka kan wanda ka riga ka taɓa, nan labarin ya tsaya. Bayan haka ka haɗa katunan bibbiyu, na wannan baki da na wancan, kana matsowa tsakiya. Kuskuren da aka fi yi shi ne mantawa da cewa katin da aka tashi daga kansa shi ne na ɗaya a sabuwar ƙirga, kuma kuskuren kati ɗaya yana sauya duk abin da zai biyo baya, don haka ka riƙa ɗora yatsa kana ƙirgawa a bayyane.

Sauran zangunan huɗu wannan ƙirgar ce dai ake maimaitawa a shimfiɗa daban. A na biyu ana raba katunan tuli 12 na gidajen falaki, a na uku tuli 12 na burujai, a na huɗu a sa wakilin a tsakiya a kewaye shi da kati 36, a na biyar kuma a raba tuli goma bisa siffar bishiyar Kabala. Kada ka taɓa su sai ka yi zangon farko aƙalla sau ashirin ba tare da duba takarda ba.

Game da ajiya, takarda ce, kuma maƙiyanta danshi da rana da maiƙon hannu. Ka wanke hannu ka bushe kafin ka taɓa, ka shimfiɗa ƙyalle mai launi ɗaya a ƙarƙashi domin gefuna kada su lalace, kuma kada ka lanƙwasa su wajen cakuɗawa irin yadda 'yan karta suke yi. Bayan kowane zama ka mayar da su jerinsu na asali, manya daga 0 zuwa 21, sannan sanda da kofi da takobi da faifai, ka ƙirga su cika 78 kafin ka rufe kwalin.